Kekunan Kiwo

Ranar Litinin likita ya ce Juma'a za a sallami matata, amma maganar hawa bene ta ƙare. A banɗaki ta zame, ƙashin ƙugu ya karye, suka yi aiki suka sa mata ƙarfe. Na tambayi likitan ko zai nuna mini irin ƙarfen, ko da a hoto ne, in ga yadda aka yi masa zare irin na noti. 'Yarmu Auta ta harare ni, na ja bakina.

Da muka fito baranda ta tare ni. Ita ce ƙarama a 'ya'yanmu uku, kuma ita ce mafi kusa da mu, kusan nata ma tafiyar awa tara ce a mota.

"Baba, ɗakin kwananku a sama yake. Ɗaki ɗaya ne a ƙasa, kai ma ka san abin da ke cikinsa."

"Na sani."

"Na yi magana da masu kawo gadon majinyata, Juma'a za su kawo. In mun iso na tarar da ɗakin fes, Umma ta zauna a gidanta. In na ga ko taya ɗaya, da ita zan wuce. Ina da ɗaki a wurina, ba matakala ko ɗaya."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce gidanta take so, shi ya sa ma nake ba ka kwana huɗu. Kuma ba cewa na yi ka kwashe daga ƙasa ka kai sama ba, a saman zan kwana sati biyu. A mayar wa mutane kayansu."

Shekara arba'in da ɗaya muna tare da uwarta. Ban taɓa yin sati guda ban ji tarinta na safe ba, da ƙarar cokali a kofi. Na san in ta shiga motar nan ta tafi, ba ƙugun da zai sake yin awa tara don ya dawo.

Kekuna ne a ɗakin, guda biyar, kuma babu nawa ko ɗaya a ciki. Nawa biyu suna ƙarƙashin matakala, su an daɗe da yafe musu.

Mu huɗu ne muke fita duk Asabar da sassafe, yau shekara ashirin da biyu. Akwai Lissafi, wanda ya koyar da lissafi har ya yi ritaya, sunan ya ƙi bin sa ritayar. Akwai Akawu mai gashin baki, da ke buga hatimi a ofishin ruwa. Akwai Mai Aski. Sai ni, Kunkuru. Ba ƙafa ce take gaza mini ba, tsayawa nake yi. In na ga bishiya ta haɗiye allon talla, ko takalmi ƙafa ɗaya yana lilo a wayar lantarki, ba na iya wucewa sai na sauka na duba, su kuma su jira ni a gaba suna zagina.

Muna da yarenmu. Wanda ya liƙe a bayan wani yana fakewa daga iska, kaska ne. Wanda ya faɗi, ya gaida ƙasa. Giyar keken nan mafi laushi da ake sawa in tudu ya yi tudu, ita ce giyar neman gafara. Amma babbar maganarmu, wadda muke yi kullum in mun tsaya shan shayi, Lissafi ne ya kawo ta. Zai ɗaga kofi ya ce, "Keke nawa ya kamaci namiji?"

Mu ce, "Waɗanda yake da su, da ɗaya!"

"Ina iyaka?"

"Saura ɗaya uwargida ta haɗa akwati!"

Sai dariya, kullum kamar ranar muka fara ji. Wannan adadin da mace za ta haɗa akwati shi muke kira bakin rami, kuma kowa an yanka masa nasa. Na Lissafi huɗu, na Akawu uku, nawa uku. Mai Aski an ce nasa biyu ne, don matarsa ba ta da wasa.

To mutum ya kai bakin rami, kuma ga wani keke ya shiga ransa, yaya ke nan? Nan kiwo ya samo asali. Ka sayo, ka zarce da shi gidan aboki, kamar mai saniyar da ba shi da wurin ɗaure ta. Keken kiwo ba ya shiga ƙidaya. Makiyayi ba ya hawa, ba ya tonawa, ba ya mayarwa sai mai shi ya nema. In matar gida ta tambaya, ka ce, "Na abokina ne, amana ce," kuma ba ka yi ƙarya ba. Lissafi ya fi alfahari da wannan dabarar a kan takardunsa na makaranta.

Ɗakina na ƙasa shi ne makiyaya mafi kyau, don yana da ƙofa ta kan titi ban da ta cikin gida. Na yanka wa kowannensu makulli, mai buƙata ya zo ya ɗauka ya mayar ba sai ya yi sallama ba. Biyu na Lissafi ne, biyu na Akawu, ɗaya na Mai Aski. Ni ma ina da nawa a wurinsu, a gareji da sito da bayan shago. Sai dai na daɗe ina cewa keke biyu gare ni, har in an tashe ni daga barci biyun zan ce. Sauran ina tuna su ne kamar dangin da ke wani gari, an ce suna lafiya.

Talata da hantsi na tafi shagon Mai Aski. Shago ne mai kujera biyu, ɗaya ta daina juyawa, da madubin da ya yi tabo a kusurwa kamar taswirar wata ƙasa. Na tarar da Lissafi a kujera mai juyawar, an ɗaura masa farin ƙyalle, rabin kansa a aske. Akawu ma yana nan, ya sato jiki daga ofis yana jiran layi da jarida a hannu.

Suka tambayi mai jiki, da yadda ta kwana, da ko tana cin abinci. Na amsa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Mai Aski ya ci gaba da askinsa. Can Akawu ya sauke jarida.

"Jama'a, Kunkuru ya faɗa rami."

"Ba keke ne ya tura shi ba," in ji Mai Aski, "sabulu ne."

Suka yi dariya. Ni ma na yi, don bakina ya saba.

"Ba wasa na zo yi ba," na ce. "Kafin Juma'a kowa ya zo ya ɗauki nasa."

Lissafi ya dube ni ta madubi, bai juyo ba. "Bari mu bi ta a hankali. Uku gare ni a gida, ramina huɗu. Ka kawo mini biyu, sun zama biyar. Ka ga na tsallake ramin ma, na faɗa na gaba."

"Ka ce na wani ne."

"Wane wanin? Duk wanin da nake da shi na riga na yi amfani da shi. Garejin nan wa ya cika shi in ba kai ba?"

"Ka rataye su a silin mana," in ji Mai Aski, yana busa gashi daga bakin injin. "Ta kwanta tana kallon tayoyi, in iska ta shigo su riƙa juyawa. Ai majinyaci yana son abin kallo."

"Ko ka lulluɓe su da zanen gado ka ce kabad ne," in ji Akawu.

"Mace ce da ƙarfe a ƙugu. Banɗaki ma sai da sandar dogarawa za ta kai."

"Ka ga kuwa ta shigo ƙungiya," in ji Akawu. "Ƙarfen nata mai giya nawa ne?"

Wannan ban yi dariya ba. Da suka ga fuskata su ma suka rage.

"Kunkuru," in ji Lissafi, "ka ba mu wata guda. Za a san yadda za a yi."

"Kwana uku gare ni."

"To doka dai ka san ta, da kai aka kafa. Makiyayi ba ya mayarwa."

"Dokar ba ta ce komai a kan karayar ƙugu ba."

"Ba ta ce ba, shi ya sa tana nan yadda take." Ya sunkuyar da kai, Mai Aski ya ci gaba da ƙeya.

Mutumin nan na yi masa faci a cikin ruwan sama yana fake a ƙarƙashin bishiya. Na taɓa tura shi da hannuna a tudu ranar da numfashi ya gagare shi, na ce wa sauran sarƙarsa ce ta tsinke. Na fito daga shagon, Akawu ya biyo ni da murya: "A gaida madam! Asabar muna jiranka, kada ka tsaya kallon ƙadangaru!"

Laraba na zauna a gida har azahar ina sauraron ƙofar titi, ko wani zai ji kunya ya zo. Ba wanda ya zo. Na tafi asibiti.

Na same ta a jingine da matashi biyu, ta rame, zoben hannunta yana juyawa a yatsa. Auta ta fita nemo ruwan zafi.

"Malam, sun ɗauke?"

"Za su ɗauke."

Ta yi ɗan murmushi. "Kai dai ba ka iya cewa a'a ba. Shekara da shekaru mutane sun mayar da kai sito, kai kuma kana ta washe baki. Ba haushinka nake ji ba, wallahi tausayi kake ba ni."

Na dubi ƙafar gadon. Tana da taya ƙarama mai birki, irin wanda ake takawa da ƙafa.

"In an sa gadon," ta ce, "a sa shi jikin taga. Tunda ba fita zan riƙa yi ba, in dinga ganin masu wucewa. Mai burodin nan ma in riƙa miƙa masa hannu ta nan, ba sai ka manta ba."

"Jikin taga za a sa."

"Ka rantse?"

"Ba sai na rantse ba."

Alhamis da safe na buɗe ƙofar titi na fito da na Lissafi biyu. Tura keke biyu ba abin tsoho ba ne. Kana tsakiya, hannu ɗaya a kan kowanne, feda tana cizon ƙwaurinka daga dama da hagu, ɗaya yana son kwata ɗaya yana son tsakiyar titi. Sai da na huta sau huɗu kafin na kai.

Matarsa na samu a tsakar gida tana shanya. Doguwa ce mai tabarau, shirun da take yi ya fi maganarta yawa.

"A'a, Malam, sannu da zuwa. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Gobe za a sallame ta."

"Madalla. Waɗannan kuma fa? Kada dai ka ce ƙarin ajiya ka kawo mana, garejin nan ko tsintsiya ba ta shiga."

"Na maigida ne."

"Na wa?"

"Na maigidan nan. Wannan jan shekararsa tara a wurina, farin kuma shida."

Ta ajiye rigar da ke hannunta a cikin bokiti. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta dubi kekunan, ta dubi ƙofar gareji.

"Jingina su nan," ta ce. "Na gode, Malam. Wallahi na gode."

Godiyar ta yi yawa, amma ban tsaya auna ta ba. Na koma na ɗauko na Akawu, na jingina su a ƙofarsa na danna ƙararrawa. Matarsa ta leƙo ta tagar sama, na ce kayan maigida ne na dawo da su, na juya kafin ta sauko. Na Mai Aski ya fi sauƙi, ɗaya ne, hawa na yi, duk da doka ta hana. Na jingina shi a bakin shago. Yana riƙe da reza a maƙogwaron wani, sai bi na ya yi da ido. Matarsa tana da shagon zare da maɓallai a jikin nasa, ta fito ta tsaya da almakashi a hannu.

Na san na karya doka. Amma a ganina nawa uzuri ne, in sun huce za su gane.

Rabon da in ga ɗakin nan babu komai har na manta. Ashe babba ne. Ashe rana tana shigowa ta kai har bangon can. Baƙin mai ya yi tabo biyar a siminti, tayoyi sun zana layuka a bango, akwai wani wuri da ya fito sak fuskar mutum mai dogon hanci yana kallon gefe. Na daɗe ina kallonsa kafin na shafe shi. A bayan ƙofa na tsinci tsaka ta bushe ɗungurungum, har yatsunta, ba abin da ya taɓa ta. Na sa ta a kwalin ashana.

Na goge simintin da kananzir, na bi da sabulu sau biyu. Na sayo farin fenti na shafa bango huɗun, na ɗaura labule mai furanni da na samo a kabad ɗinta. Wayata tana ta ruri a aljihu, hannuna duk fenti, ban ɗauka ba. Da yamma na duba, kira goma sha ɗaya, da saƙo ɗaya daga Lissafi: "Ka kyauta." Na bar tagar a buɗe don fenti ya sha iska, na kulle ƙofofin biyu.

Juma'a ƙarfe bakwai ina asibiti. Sallama ba ta kammala ba sai wajen sha biyu, wannan ya sa hannu, wancan ya tafi shan shayi. Aka shigar da ita gaban motar Auta, aka kwantar da kujerar, ni na zauna a baya da sandar dogarawa a kan cinyata. Duk hanya ina ba su labarin ɗakin. Na ce fari ne fat. Na ce har labule na sa.

"Wane labulen?" in ji matata.

"Mai furannin."

"Wannan zanen tebur ne, Malam." Amma dariya take yi, har tana riƙe ƙugu.

Da muka shigo layinmu, motar masu gado tana tsaye a ƙofar gida, mutum biyu suna zaune a bayanta suna lilo da ƙafa. Babban ya diro ya nufo ni.

"Baba, kai ne mai gidan? A ina za mu sa? Mun leƙa ta taga, ba wuri."

"Ba wuri kamar yaya? Gidan da kuka leƙa dai."

Na ciro makulli ina dariya, na buɗe ƙofar titi. Ta buɗe rabi ta tsaya, wani abu ya tare ta.

Kekuna ne, an cusa su yadda aka ga dama, kan wannan a cikin tayar wancan. Sabon fentina duk an kankare shi da feda. Na gane su kamar yadda mutum yake gane 'ya'yansa a taro. Ga mai taya uku da akwati a gaba, wanda na saya wurin wani mai tallan madara. Ga wanda ake naɗewa ya koma kamar jaka. Ga na kwance, da ake tuƙawa a rigingine kamar mai jiran a cire masa haƙori, da mai jikin gora, da baƙin nan mai nauyi na masu raba wasiƙa. Akwai wani shuɗi da na rantse ban taɓa gani ba, sai da na ga yadda aka ɗaure ƙararrawarsa da waya, ɗaurina ne. Takwas. Da jiya aka matsa mini, da biyar zan ce.

A kan taga an jera makullai uku. A kan wani sirdi an liƙa takarda da rubutun Lissafi, rubutun allo, mai kyau: "Ga garkenka. Sun ƙoshi."

Makullan nan, ko sau ɗaya ba su faɗo mini a rai ba.

Auta tana bayana. "Baba, ka ce ka fitar."

"Na fitar."

"To waɗannan fa?"

Matata ta tura ƙofar mota ta buɗe. Daga inda take kwance tana hango rabin ɗakin. "Malam, na waye kuma?"

Amsar tana kan harshena, a shirye, ta shekara ashirin. Na abokina ne. Na dubi takardar, na dubi zoben da ke juyawa a yatsanta.

"Nawa ne."

"Wanne?"

"Duka."

Ta ƙara leƙa ɗakin. Sannan ta ce, "Fito da su in gani."

Masu gadon suka kama mini, suna ƙunshe dariya. Muka warware su ɗaya bayan ɗaya muka jera a gefen titi, jikin bango, har suka wuce ƙofar maƙwabci. Mutane suka fara rage tafiya. Auta ta leƙa ɗakin ta dawo, ina jin ta ga fentin da zanen teburin, don muryarta ta sauko.

"Umma, an kwashe ai. Minti goma an haɗa gado. Ya yi ƙoƙari, har fenti ya yi."

"Tsaya tukuna," in ji uwarta. "Malam, matso. A ina suke duk shekarun nan?"

Na tsuguna a jikin ƙofar motar na gaya mata. Kiwo, da makiyayi, da dokar, da waɗanda kake da su da ɗaya, da saura ɗaya a haɗa akwati. Ban taɓa faɗin maganar nan ba tare da kofin shayi a hannu da mutum uku suna amsawa ba. A bakina ni kaɗai, da tsakar rana, ba ta da ko gishiri. Ƙaramin mai gadon ne kawai ya yi dariya, babban ya zungure shi.

"To ni nawa aka yanka mini?" ta ce.

"Uku."

"Wa ya gaya maka uku?"

"Ba wanda ya gaya mini. Wasa ne."

"Ka taɓa tambayata?"

"A'a."

Ta bi layin kekunan da ido har ƙarshe. Na ƙarshen shi ne dogon, mai sirdi biyu da feda huɗu, kore, tayoyinsa sun sace.

"Wancan fa? Wa ke zama a baya?"

"Ba kowa. Ke na saya wa. Na ce wata Asabar in kai ki bakin dam ki ga tsuntsayen nan masu tsayuwa da ƙafa ɗaya."

"Yaushe ka saya?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Lokacin ina da ƙafa ke nan."

"Da na kawo shi gida, da sun zama uku," na ce.

Ta rufe ido. Na ɗauka ciwo ne ya motsa, na miƙa hannu, ta janye nata.

Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, don ko ni ba na son bi ta wurin. Ita ce ta faɗe shi, a hankali, ba ta ɗaga murya ba.

"Shekarar da Inna ta daina hawa bene, na roƙe ka ɗakin nan. Kwana uku ina roƙo. Ka ce amana ce, kayan mutane ne, ba ka da fuskar da za ka kore su. Na ce mijina mai riƙon amana ne. Da bakina na je na gaya wa uwata haka, ta ce ai mutumin kirki ke nan, kada in matsa maka. Yayana ya zo ya tafi da ita. Wata bakwai ta yi can, ranar da aka kira ni kafin in isa ta cika." Ta buɗe ido. "Ashe musaya ce. Ka ajiye nasu, su ajiye naka."

"A lokacin uku ne kawai nawa a waje," na ce.

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Gaskiya ce dai, ita ce kaɗai ta zo mini. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa abin da aka tsinta a cikin abinci.

"Umma," in ji Auta.

"Ki sallami masu gadon, ki ba su haƙuri. Malam, hau sama. Akwai jaka baƙa a kan kabad. Ka sa mini zannuwana na durowar ƙasa, da rigar sanyi, da tabarau na karatu. Hoton Inna yana cikin akwatin ɗinki, ƙarƙashin zare."

"Maman Auta, an fa kwashe ɗakin. Jikin taga, kamar yadda kika ce. Waɗannan yanzu zan rabar da su, kowa ya zo wucewa in ba shi."

"Ka rabar ko kada ka rabar. Ba zan iya kwana a ɗakin nan ba."

Na hau. Ban san durowar ƙasa tana da wuyar ja ba, sai an ɗaga ta kaɗan. Na daɗe ina neman rigar sanyin, ashe a bayan ƙofa take rataye, inda nake ganinta kullum. Da na sauko, masu gadon sun tafi. Auta ta karɓi jakar ta sa a but ɗin motar, ta tsaya kamar za ta ce wani abu, sai ta ce in riƙa ɗaukar waya in an kira.

Matata ta sauke gilashi kaɗan.

"Maganinka na hawan jini yana bayan gwangwanin sukari. Ɗaya da safe, bayan ka ci wani abu. Kada ka sha da cikin wofi."

"Yaushe za ki dawo?"

Ta ɗaga gilashin. Motar ta ja a hankali saboda ƙugun, ta kai ƙarshen layi, ta jira wata babbar mota ta wuce, ta karya hagu.

Na tsaya a wurin ban san iya lokacin ba. Wata mata ta zo da amalanke cike da katan-katan, ta tsaya a gaban mai taya ukun.

"Baba, hanya. In shago ka buɗe, ai ba a kan hanyar mutane ba."

Na ba ta haƙuri. Na duba dama na duba hagu, babu inda zan kai su. Na fara mayar da su ɗakin, ɗaya bayan ɗaya, ina kaffa-kaffa da fentin duk da ya riga ya lalace. Dogon ne ya ba ni wahala. Ƙofar ba ta buɗewa sosai, shi kuma ba ya lanƙwasa. Sai da na ɗaga gabansa na ɗora a dokin ƙofa, na zagaya na ɗaga bayan, na sake zagayowa, matar tana tsaye tana jira.